Ɗigon da Ya Zama Hatimin Asibiti

Shagonsa yana ƙarƙashin matakala, a ƙasan wani dogon bene mai cike da ofisoshi. Ɗaki ne da in mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya tsaya a waje ya miƙo takardarsa. Injin fotokwafi ya cinye rabin wurin, tsohuwar kwamfuta da tarin takardu sun cinye sauran, shi kuma yana maƙale a tsakani, a kan kujerar da aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya. A benen nan kaf ba wanda ya damu da sunansa na gaskiya. Baƙi-da-Fari ake ce masa, don abin da yake fara tambayar kowa ke nan tun kafin ya amsa gaisuwa: "Baƙi da fari, ko mai kala?"

A wannan aikin ya yi furfura. Takardar ɗaukar aiki ta bi ta hannunsa, ta kora ma ta bi, da ta gayyatar aure, da ta sammaci, amma bai taɓa tsayawa ya karanta ko ɗaya ba. A ganinsa mutuncin sana'ar ke nan. In aka tsokane shi sai ya ce, "Ni kwafa aka ce in yi. Karatu na mai takarda ne." Magana ma bai ɗauke ta a bakin komai ba. Ya sha kwafa wa manyan benen alkawura da manyan baƙaƙe, ya kuma zauna ya ga abin da suka aikata daga baya.

A gida ma haka yake. Matarsa tela ce, a falo ta kafa kekenta, kuma tun ranar da likita ya ce tana da hawan jini bai taɓa buɗe baki ya ce mata ta kula da kanta ba. Abin da yake yi shi ne, kowace safiya kafin ya fita sai ya ɓallo ƙwaya ɗaya daga katin maganin, 'yar fara mai tsaga a tsakiya, ya ajiye mata kusa da kofin shayi. Ita ta ce, "Likitan gida ya zo zagaye." Shi ya ce, "Uhm." Soyayyarsu ke nan, kuma ta ishe su. Hawan jinin nan shi ya shanye wa mahaifiyarta ɓarin jiki, ta yi shekaru ana juya ta a kan gado. Su biyun sun sani, ba mai ambata.

A hawa na biyu akwai Akanta, mutum mai son jama'a, irin son da ba ya tashi daga kan kujera. Duk imel ɗin gargaɗi da ya shigo masa sai ya tura wa kowa da kowa, har mai shara da ba shi da imel sai an buga masa a takarda. Shi ya ceci benen daga lambar wayar da aka ce in ka amsa kanka zai fashe. Shi ya cece su daga allurar da aka ce ana sokawa a kujerun motar haya. Ba a taɓa ganin wanda abin ya samu ba, Akanta kuwa yana ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa aikinsa yana kyau.

Wata safiya ya sauko da kansa, yana haki.

"Baƙi-da-Fari, na turo maka abu. Ka buga, ka kwafa da yawa, za a liƙa ko'ina. Ran mutane ne!"

"Baƙi da fari, ko mai kala?"

"Ana maganar mutuwa kana maganar kala? Baƙi da fari!"

Ya buga, ya kwafa, ya miƙa. A makon ne injin ya fara wani sabon hali: kowace takarda ta fito sai ya tofa mata wani baƙin ɗigo zagayayye kamar kwabo, a kusurwar ƙasa ta dama. Mai gyara ya duba ya ce akwai abin da ya ci a ciki, sai an canza. Baƙi-da-Fari ya ce ɗigo ba ya hana karatu, a bari sai wani wata. Akanta ya kwashi takardunsa ya bi bango yana liƙawa, daga bakin matakala har tashar mota.

Bayan 'yan makonni matar Baƙi-da-Fari ta fara ɗaure kai da ɗankwali tamau. Ta ce zafin gari ne. Zare ya fara ƙin shiga mata allura, ta ce hasken ɗakin ne. Ranar nan yana shirin fita maɓallin rigarsa ya cire, ya jawo gwangwanin da take tara maɓallai, ya zazzage a tafin hannu yana neman fari. Farare kam ya samu, da yawa, sai dai ba su da huda. Tsaga gare su a tsakiya.

Ya tsaya yana kallonsu. Sannan ya je ya shimfiɗa mata hannun a kan keken ɗinki.

"Maman yara, waɗannan a wace riga ake ɗinka su?"

Ba ta ko ji kunya ba. Ta ɗauko waya. "Da ma na san ranar nan za ta zo. Malam, guba kake ajiye mini kowace safiya, ba da saninka ba. Yaya ce ta turo mini. Karanta, in yau za ka yarda ka karanta abu."

Ya karɓa, ya nisanta wayar da idonsa. Hoton wata takarda ce a jikin bango, an ɗauka a karkace. An rubuta cewa wani babban likita a wani babban asibiti ya gano farar ƙwayar hawan jini mai tsaga tana narkar da ƙoda a hankali. Mutane da dama sun riga sun mutu. Hukuma tana ɓoyewa. In ka tambayi masu sayar da magani za su ce ƙarya ne, don ciniki suke karewa. Ka tura wa duk wanda kake ƙauna kafin a goge.

"Wane likita?" ya ce.

"Babba."

"Na ga babba. Sunansa fa?"

"Kai da ba ka karatu, yau kai ne mai tambayar suna? Duba ƙasa, har da hatimin asibiti. Ko hatimin ma ƙarya ne?"

Can ƙasa kuwa akwai wani baƙin abu, ƙarami a fuskar wayar. Ya sa ta tura masa hoton, ya fita da rigarsa ba maɓalli.

Bai buɗe shago ba. Ya wuce kantin maganin da suke saye, wajen wata mata mai tabarau wadda ta gaji da duniya kusan kamar yadda shi ya gaji. Ta kalli hoton, ta yi ajiyar zuciya.

"Baba, kai ne na nawa yau. Zo ka gani. Sunan maganin yana ina a nan?"

"Babu."

"Farar ƙwaya mai tsaga. Rabin kantin nan farar ƙwaya ce mai tsaga. Sunan likitan? Sunan asibitin? Ranar da aka rubuta?"

"Duk babu."

"To in magani ya lalace da gaske, hukumar magunguna ce ke sanarwa, da sunansa, da lambar da ke jikin kwali, da kwanan wata. Mu za a fara aiko wa, mu kwashe shi daga kanta. Ba a cewa a tura wa masoya kafin a goge. Duk saƙon da ya hana ka tambaya, ya kuma ce ka yi sauri, tambayar yake tsoro."

Ta juyo masa da kwamfutarta, ta rubuta layin farko na saƙon a wurin bincike. Sai ga shi ya fito reras, kalma da kalma, tun shekarun baya. A wani wuri ƙwayar rawaya ce. A wani wuri maganin tari ne na yara. Babban likitan dai yana nan, bai tsufa ba, bai kuma yi suna ba.

"Hatimin fa?" ya ce. "Shi ya kama matata."

Ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton har kusurwar ta cika fuskar wayar. "Wannan? Ka taɓa ganin hatimin da ba rubutu a cikinsa? Ɗigo ne kawai. Wani ne dai injinsa ya lalace ya ƙi gyarawa."

Baƙi-da-Fari ya kalli ɗigon. Zagayayye kamar kwabo, a kusurwar ƙasa ta dama, da ɗan cizo a gefe guda. Ya san shi kamar yadda ya san tabon da ke bayan hannunsa.

"Akwai irinsu," ya ce.

"Sun yi yawa ma. Ka kawo mini ita yau a auna ta, Baba. Yau, ba gobe ba."

Daga nan ya hau bene wajen Akanta, abin da bai taɓa yi ba in ba kai takarda ba. Ya ajiye masa wayar a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, wa ya turo maka wannan?"

"Surukina."

"Shi wa ya turo masa?"

"Wani abokin aikinsa, ina ji. Me ya faru?"

"Likitan ka san shi?"

"Haba, ina zan san shi? Ni dai na tura ne, ko da wataƙila. In gaskiya ne an tsira, in ƙarya ne ba a rasa komai ba."

A gefen kwamfutar Akanta, kusa da kofin ruwa, akwai katin magani an ɓalle rabi. Farare, masu tsaga. Baƙi-da-Fari ya nuna da haɓa.

"Wannan fa?"

Akanta ya yi dariya. "A'a, ni ai ban daina sha ba. Da hankalina? Likitana bai ce in daina ba."

Baƙi-da-Fari ya ɗauki wayarsa ya sauko. Zagi ya zo masa har maƙogwaro, amma ya tuna hannun da ya danna injin, sai ya haɗiye.

Ya san in ya koma gida da bayanin mai kantin magani, matar za ta ce ai takardar ta riga ta faɗa za su musanta. In ya ce ɗigon nasa ne, za ta ce yaushe ya fara ƙirƙirar labari da tsufansa. Baki ba zai yi aikin nan ba. Don haka ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ɗauko mayafinki."

"Ina za mu?"

"Asibitin da ya buga hatimin."

Ta biyo shi tana mita, tana dafe kai. Da suka tsaya a ƙarƙashin matakala ta ce, "Malam, ciwon kan nawa ne ya koma kanka?"

Ya kunna injin, ya jira ya yi zafi. Ya ce ta ba shi duk abin da ke jakarta. Ta zaro wani ƙyallen atamfa da ta yanko don neman zare mai kalarsa. Ya shimfiɗa shi a kan gilashin, ya danna. Takarda ta fito da furannin atamfa, ga ɗigo a kusurwa.

"Babban asibiti ya tabbatar da atamfarki," ya ce.

Ya ɗora tafin hannunsa ya danna. Hannu ya fito, da ɗigo. Ya danna ba komai a kai. Farar takarda ta fito fes, da ɗigo. Ya jera su a kan tebur, ya ajiye wayarta a gefe da hoton a buɗe.

Ta duba wannan, ta duba wancan. Ta sa yatsa a kan ɗan cizon da ke gefen ɗigon. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Wato kai ne babban likitan."

"Ni ne hatimin. Likitan har yanzu ana nemansa."

"Ka kwafi takardar da ta ce maganin matarka guba ne, ka miƙa a liƙa a bango, ba ka karanta ba?"

"Karatu na mai takarda ne," ya ce, amma a hankali, yana kallon ƙasa.

"To ga mai takarda nan ta karanta, saura kaɗan ka fara juya ta a gado." Ta gyara mayafi. "Muje wajen mai tabarau ɗin. Kuma ka rufe ƙirjin nan, kana yawo ba maɓalli kamar marar mata."

Awon ya yi sama sosai, har mai kantin ta cire tabarau ta sake dubawa, ta ce ta sha ƙwayarta a nan take, gobe da safe kuma ta ga likitanta. Ta sha a tsaye, da ruwan kantin. Kafin su isa gida ta kira yayarta ta wanke ta tas. Yayar ta ce ita dai ta tura ne, ko da wataƙila.

Washegari ya kira mai gyara aka canza abin da ya ci. Ya bi bango yana yage takardun da ya samu, amma hoton ya riga ya yi nisan da ƙafa ba ta kaiwa. Har yau yana yawo, da hatiminsa.

Yanzu in aka kawo masa gargaɗi, kafin ya tambayi kala sai ya sa tabarau ya karanta, sannan ya ce, "Wa ya faɗa? Yaushe? A ina zan same shi?" In ba amsa, ya miƙa wa mutum abarsa. Akanta ya ce tsufa ya sa shi taurin kai, ya koma kai aikinsa shagon tsallaken titi, inda ba a tambaya. Wata mata ma ta dawo da kwafinta tana faɗa, wai na da yana fitowa da hatimi, na yanzu ba ya fitowa, ita mai hatimin take so.

Da safe kuwa yana nan yana ɓallo ƙwayar ya ajiye kusa da kofin shayi. Sai dai yanzu ba ya fita sai ya ga ta haɗiye. Ita ta buɗe baki ta nuna masa harshe, ta ce, "Babban likita ya gamsu?"

Ya ce, "Uhm," ya ɗauki makullin shago.