Ranar da na miƙe a falon Yaya

Yayan maigidana bai taɓa taka ƙasar Amurka ba, ko da canjin jirgi ne. Amma idan kana son jin abin da aka yi jiya a majalisarsu, ko hukuncin da alƙalansu suka yanke kan zubar da ciki, ko jihar da ta kwashe wasu littattafai daga makarantun firamare, to ka hau jirgin ƙasa ka sauka a Dagenham, can gefen Landan, ranar Lahadi bayan Azahar. Yaran gidanmu Wakilin Amurka suke ce masa, a bayan idonsa.

Tun da ya yi ritaya daga aikin kemis wannan ciwon ya kama shi. Akwai wasu Turawa masu sharhi, 'yan ra'ayin riƙau, da yake saurara a waya safe da yamma. Matarsa ta ce ko alwala zai yi sai ya jingine wayar a bakin famfo. Ranar Lahadi kuwa, idan dangi sun taru cin tuwo a gidansa, sai ya fassara mana sharhin mako kaf, har da kwaikwayon murya. "Kun ji abin da bawan Allahn nan ya ce?" Bawan Allah fa! Mutumin da na tabbata in ya gan mu da mayafanmu a layinsu, 'yan sanda zai kira. Na taɓa faɗa wa Yaya haka. Ya ce, "Ke dai ba kya rabo da tsiwa. Gaskiya ko daga bakin wa ta fito, sunanta gaskiya."

Kuma tsakani da Allah ba duk maganarsu nake ƙi ba. Na yi renon yara a Landan, na san yadda gaban uwa yake faɗuwa idan yaro ya dawo daga makaranta da tambayar da ko ni a gidan miji ban san da ita ba. Idan suka ce iyaye suna da haƙƙin sanin abin da ake koya wa 'ya'yansu, ni ma kai nake gyaɗawa. Abin da ke ba ni haushi da Yaya shi ne ya maida ƙasa guda, mai mutane kamar ƙasa, ta zama abin da bakin mutum uku ya faɗa masa.

To, sai ga maganar ta shigo mana har ɗaki.

Babbar yarinyar gidanmu ta sami gurbin ƙaro karatu a wata jami'a a Amurka, kan binciken ciwon sikila. Ba da ka ta zaɓi fannin ba. Ƙaninta yana da ciwon, kuma tun tana 'yar sakandare ita ke zama da shi a asibiti a nan Whitechapel idan ciwon ya tashi, tana yin aikin makaranta a kan gwiwarta, tana shafa masa ƙafa da ɗaya hannun. A lokacin an ba ta zuwa ƙarshen mako ta ce za ta zo ko ba za ta zo ba, in ta yi shiru a bai wa wani.

Sai dai ita 'yar fari ce. A gidan da na tashi a Kano, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta sa baki a maganarsa a gaban manya. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban ji sunan babban wanmu a bakinta ba. Wannan kunyar na ƙunso ta tare da kuka da daddawa na kawo Ingila, kuma ban ɗauke ta abin aibu ba, a wurina ado ce. In malamai suna zuba yabon yarinyar a taron iyaye, iyakacina in ce Allah ya shirya. Ranar da ta karɓi digirinta, uwayen Turawa da na Yarabawa suna ihu suna tsalle, ni gyaran mayafi na dinga yi, alhali zuciyata kamar ta fashe. A gaban dangi ban taɓa ce mata komai ba sai "yarinyar nan" ko "'yarku".

Maigidana ma ya fi ni. Da ta kawo masa maganar, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Wannan ai ta Baffanki ce." Yaya ne ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta, shi ne kuma zai ba da aurenta, saboda haka abin da ya yanke shi ke nan. Ta ce da Turanci, domin ita Hausa a kunne take ji ta mayar da Turanci, "Amma Baffa fa yana ganin Amurka wuta ce." Babanta ya ce, "Sai ki je ki faɗa masa ba wuta ba ce."

Ranar Lahadin muka tafi mu uku. An ci tuwon semo da miyar kuka, an kwashe kwanuka, aka kawo shayi. Maza suna kan kujeru, mu mata muna ƙasa a kan kafet ta wajen ƙofar kicin, kamar kullum. Yarinyar ta durƙusa ta yi bayaninta tiryan-tiryan. Yaya ya saurara har ta kai aya, a nan kam sai a yaba masa, ba ya katse mutum. Sannan ya ajiye kofi.

"Ba za ki je ba," ya ce. "Ba don ban yarda da ke ba. Jami'o'in can ba wurin karatu ba ne yanzu, wurin wanke ƙwaƙwalwa ne. Yarinya ta tafi da kallabinta, ta dawo tana ce wa ubanta shi ne azzalumi. Su kansu Turawan kuka suke yi, balle mu."

Ya jawo waya ya fara nuna mana hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya. Ga ɗalibai suna yi wa malami ihu har ya bar aji. Ga rigimar wanda zai shiga banɗakin mata da wanda ba zai shiga ba. Maigidana ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Sauran mazan suna ta "Subhanallahi", har da waɗanda na san ko rabin Turancin ba su kama ba.

Daga nan ya zo kan bidiyon da ya fi so. Wata Baturiya ce, gajeriya, da rigar aikin asibiti, ta miƙe a taron hukumar makarantun garinsu ta karɓi lasifika. Ta ce ɗanta ne, ita ta haife shi, kuma ba wanda zai yanke masa komai ba da saninta ba. Mai sharhin yana ta kuranta ta. Yaya ya buga cinya.

"Kun gani? Ga uwa! Wannan ita ce uwa. Ba iyayen yanzu ba da suka zama 'yan kallo, ana yanke wa 'ya'yansu rayuwa suna zaune sun yi tagumi."

A daidai nan yarinyar ta juyo ta dube ni. Ba ta daɗe ba, ta mayar da idonta ƙasa, irin na wanda ya leƙa shago ya tuna ai ba a sayar da abin a nan. Wallahi da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Wato ta riga ta san ba abin da zai fito daga wajena.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Matar Yaya ta kamo gefen zanena, na fizge.

"Yaya, a gafarce ni, zan yi rashin kunya."

Maigidana ya zaro ido kamar ya ga kura a Dagenham.

"Ka ce ga uwa. To ga wata nan, ba sai an kunna waya ba. Wannan 'yata ce. Ni na haife ta, ni na yi renonta a garin nan, kuma duk abin da kake tsoro a can, akwai shi a nan, a ƙofar makarantar da ta yi. Ta ratsa ta cikinsa ta fito. Ita ce ta je ofishin shugabar makarantarsu ita kaɗai ta roƙa musu ɗakin salla, ba wanda ya aike ta. Ita ke tashina da asuba in na makara. Ba a fafe gora ranar tafiya, Yaya, mu mun fafe namu tuntuni, kuma da hannunka a ciki. In tarbiyyar da muka yi mata ba za ta iya hawa jirgi ba, to mun yi aikin banza. Ni dai na tsaya mata. In ta lalace a can, ni za ka tuhuma."

Ina gamawa na koma na zauna daɓas. Kunya ta rufe ni har ina jin zafinta a kunne. Amma ban yi nadama ba, ko ɗigo.

Yaya ya daɗe yana kallon wayarsa, inda hoton Baturiyar ya tsaya cak da baki buɗe. Sai ya kife wayar a kan tebur, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya dubi ƙaninsa. "Kai ba ka da ta cewa?" Maigidana ya ce, "Abin da ka ce, Yaya." Yaya ya yi tsaki. "Matarka ta fi ka." Sannan ya juya wajen yarinyar.

"Akwai masallaci a garin?"

Ta amsa da Hausarta mai tuntuɓe, "Akwai, Baffa. Na yi checking. Biyu ne."

"To. Tunda uwa ta miƙe, ni wane ne? Allah ya ba da sa'a. Amma da sharaɗi: kowace Lahadi ki kira ni ki faɗa mini abin da idonki ya gani."

Haka kuwa ake yi har yau. Tana kira, yana sa ta a lasifika dangi su ji, ta ce Baffa ba haka abin yake ba, shi kuma ya ce ai ke ba kya fita gari ne. Sharhinsa bai rage ko ƙwaya ba, kuma wani lokacin ita da kanta takan ce, a nan kam Baffa ya yi gaskiya.

Amma ni abin da na riƙe shi ne komawarmu gida ranar nan. Maigidana ya tsaya sallar La'asar da yayansa, ya ce mu yi gaba. Muka sami wuri a jirgin ƙasa, kafaɗa da kafaɗa. Sai da muka wuce tasha biyu ta ce, a hankali, da Hausa, "Mum, ban taɓa ji kin ce 'yata ba."

Na ce, "Ba kuma za ki ƙara ji ba. Rufe mini baki, mutane suna kallo."

Ta yi dariya, hawaye yana zubo mata. Na juya fuska wajen taga. Hannunta yana kan cinyarta, na ɗauko shi na sa cikin mayafina inda ba mai gani, ban sake shi ba har muka sauka a Whitechapel.