Ɗan Fari Da Ayarin Agadas

Yayanmu, wanda daga baya ya zama masanin kimiyyar nukiliya, ɗan fari ne. A gidanmu na garin Sule Tankarkar kuwa ba a wasa da kunyar ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In yana da magana sai ya ce wa ƙanensa, Baffa, "Ka gaya wa yaron nan." Ni da nake ta uku har gemun Baba na ja ina ƙarama, amma Yaya ko ido ba sa haɗawa.

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da hamsin na dawo gida goyon ciki, shi kuma ya zo hutu daga Badun inda yake karatu. An gama kaka, Baba yana ta gyaran mangalolin jakunansa. Duk shekara yakan bi ayarin fatake daga Maigatari zuwa Agadas, ya kai gero ya sauko da gishiri da dabino.

Yaya ya iso a rame, ba ya cin abinci. Da na matsa masa ya ce Faransawa na shirin fasa wani irin bam a cikin hamada. Ba ƙarar ce ta dame shi ba. Ya ce abin yana barin guba wadda ba a gani, ba a jin warinta, ta shiga ruwa da nono da ƙashin mutum.

"To ai sai ka faɗa wa Baba," na ce.

"Da wane bakin?"

Sai ya tafi wurin Baffa, ya durƙusa ya yi masa bayani dalla-dalla, ni ina tankaɗe a gefe ina ji. Baffa mutumin kirki ne, amma duk maganar da ta shiga bakinsa sai ta fito da sanyi. A ganinsa ɗa ba ya hana uba tafiya. Abin da ya isar wa Baba shi ne, "Yaronka yana yi maka fatan sauka lafiya, ya ce a kula da ruwan sha." Baba ya ji daɗi har ya aiko wa Yaya da goro. Ranar na ji kamar in fasa tukunya don haushi.

Na gwada da kaina. Baba ya yi dariya ya ce mai ciki ba ta rasa tsoro.

Ranar tashi, an ɗaure kaya a ƙofar gida, malamin unguwa ya yi addu'a, abokan tafiya suna tsaye. Kawai sai ga Yaya ya ratsa mutane ya riƙe igiyar jakin gaba. Ya dubi Baba cikin ido.

"Baba, kada ka je. Don Allah kada ka je."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma zaure. Baba ya kau da kai ya dubi Baffa.

"Ka gaya wa yaron nan ya saki igiyata."

Ya saki. Har suka ɓace a hanyar Maigatari Baba bai waiwayo ba.

Na haihu, aka yi suna babu Baba. Da ayarin ya dawo, jakunansa ne suka shigo gida da gishiri, wani abokinsa yana kora su. Zazzaɓi ya kama shi bayan sun wuce Damagaram, a can suka binne shi.

Yaya ya ƙetare teku ya ƙaro karatu, ya dawo ya koyar har ya yi furfura. Mutanen garinmu sun daɗe suna cewa ya hango mutuwar ubansa, ni ma haka na ɗauka. Sai da muka tsufa, ya zo gaishe ni, na tambaye shi ko gubar nan ce ta kashe Baba.

"A'a," ya ce. "Lokacin da ya rasu ba su ma fasa bam ɗin ba tukuna. Kuma wurin da nisa ƙwarai da hanyarsa, daga baya na gane."

Ya ɗago ya dube ni.

"Sau ɗaya na taɓa yi masa magana a duniya," ya ce, "kuma a gaban mutane na kunyata shi."