Ragon Nouhou a Gidan Masu Zuhudu

Ina tsaye a shagona na ɗinki a unguwar Château Rouge ta Paris, almakashi a hannu, waya ta yi ƙara. Zouera ce daga Lyon, matar aminina Nouhou. Ko gaisuwa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam Idrissa, Baban Safi ya cika." Na zauna a kan shaddar da nake yankawa, ina salati, hawaye na zuba.

Shekara ashirin da biyu muna tare. Ɗaki ɗaya muka fara zama a gidan ma'aikata na Montreuil, shi ɗan Damagaram, ni ɗan Maraɗi. Ni na kama ɗinki, shi ya kama tuƙi, yana jigilar shinkafa da gero daga shagunan Paris zuwa Lyon, har ya yi aure ya zauna can. Nouhou yana iya jure yunwa da sanyi, amma ba ya jure a yi masa alheri bai rama ba. Sai ya kasa barci.

Wata rana da azahar, cikin sanyin Janairu, motarsa ta mutu a wata hanyar ƙauye, dusar ƙanƙara na zuba. Ya taka ya ƙwanƙwasa ƙofar wani tsohon gini. Ashe gidan zuhudu ne na 'yan Katolika, maza masu fararen riguna da suka bar duniya suka kama ibada da noma. Wani tsoho da suke kira Frère Anselme ya shigar da shi, ya ba shi miyar ganye mai zafi, ya nuna masa ɗaki mai tsabta ya yi salla. Kwana biyu ya yi kafin a gyara motar. Da zai tafi suka zuba masa miya a tukunya, ya ci a hanya.

Ya kira ni yana ɗaga murya. "Tela, tukunyar mutane na hannuna! Ni ɗan Damagaram in mayar da ita ba komai a ciki?"

Ya bincika, ya ji cewa ranar ashirin da shida ga Janairu ce babbar ranarsu. A ranar suke tunawa da dattawa uku da suka kafa ɗariƙarsu sama da shekara ɗari tara da suka wuce, Robert da Albéric da Étienne, waɗanda suka bar gida mai wadata suka shiga daji suka fara daga bukka. Nouhou ya ce, "Shi ke nan, sallarsu ce. Kuma salla ba ta yiwuwa sai da rago."

Shekara guda ya yi yana jira. Da ranar ta zo na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Rago guda cur Nouhou ya sa aka gasa, ya sha yaji, an naɗe shi a takarda. Zouera ta cika tukunyar nan da dambun zogale, yana ta yi mata tsiya wai wa zai kalli ganye ga nama. Muka sa manyan riguna, muka kama hanya, motar duk ƙanshi, yana waƙa yana dukan sitiyari.

Frère Anselme ya buɗe ƙofa. Nouhou ya dinga jero gaisuwa: ina gajiya, ina sanyi, ina iyali. Na zungure shi na ce, "Direba, ba su da iyali!" Muka shigo da ragon mu biyu muna nishi. Tsohon ya buɗe takardar, ya tsaya yana kallo. Sai ya ce a hankali, "Monsieur Nouhou, mu ba ma cin nama. Ƙa'idar da dattawanmu suka bar mana ce."

Ban taɓa ganin fuskar aminina haka ba. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Ya raɗa mini, "Za su mayar mini da shi, Idrissa. Ina zan sa kaina?"

Tsohon ya leƙa tukunyar, ya tambayi abin da ke ciki. Da ya ji ganye ne da tsaki da man gyaɗa, ya ɗebi cokali ɗaya, ya ƙara na biyu, ya tafi da sauri ya kira shugabansu. Ragon aka kai ɗakin baƙi, inda mutanen ƙauye da matafiya suka taru don bikin, ko ƙashi bai rage ba. Mu kuma aka shigar da mu wurin cin abincinsu, inda ba a magana, mutum ɗaya ne ke karatu. Tsofaffi goma sha tara suna cin dambun Zouera shiru, barkono na sa su hawaye, suna miƙo kwano a ƙara! Nouhou yana ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, dariya na neman kashe shi.

Tun daga ranar, shekara tara bai fasa ba, tukunya biyu ta dambu kowace shekara. Yana kiransu maƙwabtansa. Su kuma suna aiko masa da cuku da zuma idan azumi ya zo.

Bana ciwon zuciya ya kwantar da shi. Kwana huɗu kafin rasuwarsa ya kira ni daga gadon asibiti, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Tela, saura mako biyu sallar maƙwabta. Zouera ta sayi zogale. Kai za ka kai."

"Ni ban iya tuƙi ba, Direba."

"Akwai jirgi, akwai taksi. Kada ka kawo mini dalili."

"To shirun nan fa? Ka san bakina ba ya rufuwa."

"Ka cika shi da dambu."

Muka yi dariya har tari ya kama shi. Na ce, "Zan kai, in sha Allah. Amma ka warke mu je tare."

Ya ce, "Ka dai kai da zafinsa."