Kanwa don dawakin tsibiri

Ni dai ban iya zama wuri ɗaya ba. Makaranta ma tun aji goma na bar ta, daga nan sai wankin mota, sai aikin sito, sai kai wa mutane abinci gida-gida. A lokacin ina zaune wurin kawuna a unguwar Glenwood da ke birnin Greensboro, a Amurka. Ƙanen mahaifiyata ne, mutumin Maraɗi, yana aiki a kamfanin yanka kaji.

Wata rana na nuna masa bidiyo a waya: dawaki suna tafiya a bakin teku, ba linzami, ba kowa a bayansu. Na ce masa a nan jiharmu ne, kuma ba su da mai su.

"Ƙarya ne," in ji Kawu. "Ko akuya ka gani tana yawo a kasuwa, akwai mai jiranta da magariba. Balle doki."

Ni abin da ya hana ni sakat daban ne. Tsibiri ne, ruwan gishiri ta ko'ina. To me suke sha? Na ƙi duba waya, na ce sai na gani da idona. Shi kuwa Kawu da goɗiya ya tashi a gidansu, amma tun da ya zo Amurka bai taɓa jikin doki ba. In muka bi ta Summerfield, inda ake kiwon dawaki, rage gudu yake yana kallon na cikin shinge har na baya su dame shi da hon. Don haka bai ba ni wuya ba, ranar Asabar muka kama hanyar Beaufort, wani gari a bakin teku.

Jirgin ruwan da zai kai mu tsibiran ba babba ba ne, matuƙiyarsa wata Baturiya ce da rana ta gasa ta yi jawur. Kafin mu tashi ta ja kunnen kowa: kada a matsa kusa da dawaki, a bar musu tazarar kamar tsawon bas, kada a ba su komai. Ta ce wurin na gwamnatin tarayya ne, wanda aka kama sai tara. Kawu yana ta gyaɗa kai kamar ɗan makarantar allo.

Muna cikin tafiya sai ga dolfin, dabbobin ruwan nan masu kama da manyan kifaye, baya kawai suke nunawa su nutse. Na miƙe tsaye ina ihu, Kawu ya janyo ni ta wando.

"Zauna, sarkin yawo. In ka faɗa me zan ce wa uwarka?"

Tsibirin farko ƙarami ne, mai laka da ciyayi. Ƙaguwa ko'ina, ƙanana, kowace da hannu guda ƙato kamar ɗan dambe, kana matsowa sai su shige rami gaba ɗaya. Na duƙa ina tonon ramin in ga iya zurfinsa, sai na hangi Kawu yana gyara wata leda a aljihun rigarsa.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Kanwa ce. Ba a zuwa gaida doki hannu rabbana."

Wata mai zuwa zai yi intabiyun zama ɗan ƙasa, shekara da shekaru yake jira, kuma lauyansa ya ce ya kiyaye, ko tarar fakin ɗin mota kada ya jawo wa kansa. Ni kuma na kawo shi nan.

"Don Allah ku ba ni in riƙe muku."

"Kai da ba ka iya riƙe aiki, kai za ka riƙe mini kanwa?"

Haka muka sake hawa jirgi zuwa tsibiri na biyu, dogon nan na dawaki. Yashi fari tas, katantanwa zube, wasu sun kai kan jariri. Mutane suka baje suna tsinta. Mu muka bi kashin doki muka haye tudun yashi, Kawu a gaba, wandonsa a naɗe.

Bayan tudun muka same su. Gajeru ne, gezarsu duk ta cukurkuɗe, wani ingarma ja da goɗiyoyi da ɗan dukushi guda. Can gefe kuma wata ma'aikaciya mai kula da wurin ce tsaye da hula mai faɗi da madubin hangen nesa.

Kawu ya tsuguna, ya fara yi musu irin kiran nan na baki da ake yi wa doki a gida. Hannunsa ya shiga aljihu.

"Kawu, matar can tana kallonmu."

"Ta kalla mana. Sata na yi?"

Ingarman ya ɗago kai, ya dube shi, ya kaɗa kunne, ya juya masa baya. Kawu ya sake kira, ya matsa taku biyu. Ma'aikaciyar ta sauke madubinta ta fara tahowa. Ni kuwa na rasa abin yi, in kama hannun babba a gaban mutane, ko in tsaya kallo.

Sai wata goɗiya ta gangara cikin wani ɗan kwari ta fara tonon yashi da kofato. Ta yi ta tono, ta dakata, ta sake. Ramin ya yi duhu, a hankali ruwa ya fara tsattsafowa. Ta sa baki ta sha. Sauran suka jeru a bayanta suna jira.

"Kawu, ku duba! Rijiya ta haƙa!"

Ya tsaya cak da ledar rabi a waje. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tsinki ciyawar da ke gabansa, irin wadda suke ci, ya sa a baki, ya tofar.

"Gishiri ne zalla," ya ce. "Ka ga wautata. Na ɗauko wa mai gishiri gishiri tun daga Greensboro."

Ya tura ledar cikin aljihu, ya ja baya ya zauna a kan yashi. Da ma'aikaciyar ta iso, murmushi kawai ta yi, ta ce nan ɗin da muke zaune daidai ne. Na tambaye ta ruwan fa, ta ce na sama ne, yashi ke riƙe shi a bisa na gishirin, dawakin kuma sun san inda za su tona. Na so in ɗanɗana, ta ce a'a.

Akwai tsibiri na uku a tikitinmu, mai doguwar hasumiyar fitila baƙi da fari, tun daga nan ana hango ta. Na ce wa Kawu jirgi ya kusa dawowa.

"Je ka kai, tunda ƙafarka ƙaiƙayi take. Ni ina nan. Ɗan dukushin can bai sha ba tukuna, ina so in ga ko uwar za ta matsa masa ko shi zai tona nasa."

Na kalli hasumiyar, na kalli ramin. Sai na cire takalmi na zauna kusa da shi.