Zariyar da na je daga zaune

Ina zaune gefen ƙanena Lawali cikin jirgin ƙasa a tashar Ƙaura, zuciyata na tafasa. Shi Baba ya zaɓa ya je Zariya wurin Kawu, ni akwati kawai na ɗauko mishi.

Da na duba taga, sai na ji muna tafiya. Na ƙanƙame benci don murna.

"Mun tahi! Dole a je da ni!"

Lawali ya kwashe da dariya. "Yaya, wancan jirgin gyaɗa ke tahiya, namu ko motsi bai yi ba. Sauka."

Taragon ƙarshe na jirgin gyaɗar na wucewa, ga mai raken da na gani a tasha kafin mu shiga, zaune inda na bar shi.

Har yau in Lawali ya fara hirar Zariya, tashi nake. Ku ma ido ya taɓa yi muku wannan cin amana?