Ƙyallen da Malam Kuwabara Ya Rataya

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Nuwamba, da hantsi, Farfesa Kuwabara Shigeto ya rasu a wani asibiti da ke gefen Osaka, yana da shekara saba'in da huɗu. Ni ɗalibarsa ce, kuma ni na gaji kujerarsa a sashen nazarin zamantakewa. An ce in rubuta wani abu a kansa, na zauna na ga ba zan iya ba sai dai in yi magana da shi kai tsaye, yadda na saba.

Malam, rabin rayuwarka a kan abu ɗaya ka ƙarar da shi: tsofaffin da ke mutuwa su kaɗai a dogayen benayen nan da aka gina bayan yaƙin duniya, ba wanda ya sani sai wari ya fito. Sa'ad da ka fara, abokan aikinka suna ganin wannan ba bincike ba ne. Da matarka ta rasu ma sai ka bar gidanka mai lambu, ka kama ɗaki a hawa na huɗu a cikin benayen, ka ce kana so ka riƙa jin tarin maƙwabcinka ta bango kafin ka rubuta komai a kansa.

Ranar da ka fara kai ni can, na je da na'urar ɗaukar murya sabuwa fil. Ka karɓe ta ka jefa a jakarka, ka miƙo mini ledar lemo. Muka yini muna hawa bene, muna cire takalma, muna shan koren shayi, ba tambaya ko ɗaya. A wani ɗaki ka hau kujera ka canja ƙwan lantarki, a wani ka zauna kana jin labarin kyanwar da ta mutu tun da daɗewa. Na koma gida ina jin haushi, a ganina an ɓata mini yini. Iya Hotta, tsohuwar tela da barandarta ke kallon taka, ita ma ba ta raga maka ba. "Malam, duk karatun nan dama don canja ƙwai ka yi shi? Ai da ka faɗa, da na haɗa ka da ƙanena, shi ko sakandare bai gama ba." Ka yi dariya har da share hawaye.

A irin wannan zama ka gano abin da ka daɗe kana koya mana. Ka ce ba talauci ne kaɗai ke kashe tsofaffinmu ba, kunya ce. Mutum ya gwammace ya kwanta da ciwo da ya ɗora wa maƙwabci nauyi. Sai ka kawo dabarar da ba ta buƙatar kowa ya buɗe baki: kowane tsoho ya rataya ƙyalle mai ruwan ɗorawa a barandarsa da safe, ya sauke da faɗuwar rana. Ɗakin da ba a ga ƙyalle ba, sai a je a buga ƙofa. Iya Hotta ce ta ɗinka su duka. Da ƙyallen nan aka ceci wani dattijo da ya faɗi a banɗaki, da wasu da dama bayansa. Garuruwa suka ɗauka, aka karanta bincikenka har a ƙasashen waje.

Ga abin da ya hana ni sakewa. A kakar nan ciwon huhu ya kama ka, ka kuma san ba ƙarami ba ne. Amma kowace safiya ƙyallenka yana rataye. Iya Hotta ta leƙo ta gani, ta ce Malam yana lafiya, ta koma kan shinkafarta. Na kira ka a waya, ka ce mura ce, na ce Allah ya sawwaƙe, don ni ma tarbiyyar da aka yi mini ke nan: babba ya ce lafiya, ba a ja. Sai wata yamma aka yi ruwa, rana ta faɗi, ƙyallen yana nan jiƙe ba a sauke ba. Iya ta ɗauki lema ta nemo mai kula da benen, suka buɗe. Sun tarar da kai a sume, ka jawo shimfiɗarka har bakin ƙofar baranda, inda hannunka zai kai ƙarfen da kake rataya ƙyallen ba sai ka miƙe ba.

Likita ya ce da an kawo ka da wuri, da wata magana ake yi. Da ka farfaɗo ka gan mu a kanka, abin da ka fara faɗa shi ne, "Ku yi haƙuri, na tayar muku da hankali." Iya ta dube ka ta ce, "Malam, ni na ɗinka maka ƙyallen nan. Ashe ƙarya za ka riƙa yi mini da shi?" Sai ka rufe ido. Washegari ka cika.

Ina jin haushinka, Malam, ba zan ɓoye ba. Kai ka gano cutar, kai ka sa mata suna, ka kuma bar ta ta ci ka a gabanmu. Ina kuma baƙin cikin yadda dukanmu muka yarda da ƙyalle da muryar waya, don sun fi hawa bene sauƙi.

Bayan an ƙona gawarka an ɗebe ƙasusuwa kamar yadda al'adar ƙasarmu take, mazauna benen suka yi taro, wasu suka ce a daina rataya ƙyallen tunda bai hana komai ba. Iya Hotta ta ce kowa ya ci gaba da ratayawa, amma ita daga yau da ƙyalle da babu, sai ta buga ƙofa ta ga fuskar mutum. Yanzu kullum da safe tana bin bene da sandarta, ana ta mita, ita ko a jikinta. Da na je kwashe littattafanka ta miƙo mini ƙyallenka, ta wanke ta goge. "Na ji ke ma ke kaɗai kike zaune. Riƙe wannan, amma kar ki kuskura ki rataya. In ba ki da lafiya, ki kira ni ki dame ni."

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwarka, Baba Setsuko, da 'ya'yanta a Akita, da ɗalibanka, da tsofaffin benen da suka rasa mai canja musu ƙwai. Ubangiji ya ba su haƙuri. Kai kuma, Malam, Allah ya yi maka rahama, ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da ƙofofin da aka buɗe a kan lokaci saboda kai. Mu kuma ka yafe mana taka, da ba mu buga ba.