Injin da ke yawan leƙe

A shekarar da sojoji ke shirin miƙa wa farar hula mulki, ina da ɗan shago a bakin kasuwar Gidan Rumji. Mutane suna ce masa sibar, amma don Allah sunan ya fi shagon girma. Kwamfuta ɗaya ce mai kyamara, da injin buga takardu, da benci. 'Yan siyasa suna kawo hotunansu in gyara musu fuska, masu 'yan'uwa a ƙetare kuma suna zuwa su ga nasu a allo su yi magana.

Wata safiya kwamfutar ta nemi a yi mata mizajur, wato a sabunta kayan cikinta, na bari ta yi kamar kullum. Ashe har zuciyar tsarin aka canja, wadda masana ke ce wa noyo. Tsohuwar zuciyar kuwa aka share ta don faifan ajiyar kwamfutar ƙarami ne. Tun daga ranar fankar cikinta ta kama kuka ba tsayawa. In na ja linzamin kwamfutar sai kibiyar da ke kan allo ta tsaya, ta yi tsalle, ta sake tsayawa. Na buɗe inda ake ganin ayyukan da take yi, na tarar da wani aiki da ban sa ta ba ya cinye ƙwaƙwalwar ƙurmus. Na kashe shi, ya ƙi mutuwa.

Mu a nan abin da ya yi zafi sanyi muke nema masa. Na ɗora ta kan bulo, na jiƙa buhu na rataya a taga yadda ake yi wa randa, na buɗe cikinta na hure. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya ce ai ita ma kamfen zaɓe ta shiga, surutu da yawa aiki babu. Na yi dariyar yaƙe, raina a ɓace.

Ranar kasuwa wata tsohuwa ta iso daga wani ƙauye na bayan Cadakori, tare da matar ɗanta. Ɗan yana Libiya yana aikin gini, ya yi shekaru bai zo ba. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta karɓar waya in ya bugo, sai dai ta tsaya nesa tana shara a wurin da babu datti. Wannan karon ya aiko cewa ya sami mai kwamfuta a can, su zo a gan shi ido da ido.

"Inna, ga kujera nan gaban allo," na ce mata.

"A'a, ɗan nan. Ni gujiya ta kawo ni kasuwa. Wagga na rako."

Ta zauna can ƙarshen benci, ta ba allon gefenta, tana kallon ƙofa. Na kira, ya ɗauka. Muryarsa ta shigo a gutsuttsure, hoton ya fito rabin fuska ya daskare, fanka na ta ihu. Matar ta matsa tana gaishe shi, shi kuma sai tambaya ɗaya yake maimaitawa: "Inna tana nan? Ku matso da ita in gan ta."

"Ki ce mai muna lahiya," in ji tsohuwar, ba ta juyo ba.

Gumi ya jiƙa mini riga. Na rufe duk wani abu da ke buɗe, na kashe, na kunna, na sake kira. Can Allah ya sa hoton ya saki na ɗan lokaci, fuskarsa ta fito fes, ga gemu ya tara, yana murmushi. Matar ta ce, "Inna, ga shi, wallahi ga shi!" Na ga yatsun tsohuwar sun damƙe bakin zanenta. Ta yi ta kokawa da kunyarta, ta soma juyowa a hankali kamar mai neman takalmi. Kafin idonta ya kai, allon ya dagule ya zama dabbare-dabbare, kiran ya yanke. Muka yi ta gwadawa har direban motar ƙauyensu ya leƙo ya ce in ba su fito ba zai tafi.

"Ba komi," ta ce da ni. "Wata kasuwa."

Kafin wata kasuwar ta zagayo, yaƙi ya ɓarke a Libiya. Wayarsa ta daina shiga. Motoci suka riƙa sauke mutanenmu a tasha, wasu ko takalmi babu, matar tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Wani ya ce ya gan shi a hanyar hamada, wani ya ce ba shi ba ne. A gari kuwa ana ta kiɗan zaɓe, ana cewa an ga haske. Ni dai ban ga komai ba, kuma na tsani injin nan kamar in ɗauke shi in jefa rijiya.

Duk da haka na ci gaba da tono. Na bi shafukan da masu irin matsalata ke kai kuka, ina karanta Faransanci da ƙyar, shafi ɗaya sai ya sha rabin yini kafin ya buɗe. A nan na gane ashe ba zafi ba ne. Pilot ɗin hoto, wato ɗan shirin da ke tuƙa allo, shi ne bai jitu da sabuwar zuciyar ba. Kowane lokaci sai ya tashi ya duba ko an jona wani sabon allo, bai ga kowa ba, ya dawo, ya sake tashi. Maganin layi ɗaya ne tak da ake rubutawa a hana shi dubawar. Na rubuta, na kunna, fanka ta yi tsit. Na zauna ina kallonta, hawaye suka zubo mini don takaici.

Bayan an rantsar da sabuwar gwamnati tsohuwar ta dawo, ita kaɗai, babu ko kwanon gujiya. Muka gaisa, ta tambayi iyali da gajiya, sannan ta nuna kwamfutar da haɓa.

"Injin naka ya samu sauƙi?"

"Ya warke, Inna."

"Mi as same shi?"

Na rasa yadda zan faɗa mata, sai na ce, "Yawan leƙe ne, Inna. Kullum yana leƙa ƙofa ya ga ko wani ya zo. Na hana shi, ya bari."

"To, shi ya ji magana," ta ce.

Ta ja kujerar da ta ƙi zama a kai, ta ajiye ta daidai gaban allon, ta zauna, ta gyara mayafi. Sannan ta faɗi sunan ɗan nata da bakinta, cikakke, ta ce in kira mata shi. Na kira. Allon tas, har ina ganin fuskarta a ɗan akwatin da ke ƙasan allon, ba ta ko ƙiftawa. Ya yi ta ringi babu mai ɗauka.

"Sake," ta ce.